Me ake yi a reshen ƙungiyar masu kula da kwangila, kuma ya cancanci lokacina?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Na yi aiki a sashen saye da ba da kwangila na wata hukumar tarayya a Kaduna kafin aure ya kawo ni Amurka. Yanzu na samu aiki a wani matsakaicin kamfani a arewacin jihar Bajiniya da ke yi wa gwamnati aikin kwamfuta, ni ce mataimakiyar mai kula da kwangilolinsu. Shugabar sashenmu ta ce in shiga reshen yankinmu na NCMA, ƙungiyar masu kula da kwangila ta Amurka, kamfani zai biya kuɗin rajista. Ni kuwa abin da na sani game da irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne taron shekara, jawabai, rabon lambar yabo, a ci a sha a watse. Ga yara, ga cunkoson hanya. Me ake yi a can takamaimai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a sabon aiki.

Ki shiga, tunda ba aljihunki ne zai ji ba. Amma ki sani katin zama mamba shi kaɗai abin da zai ba ki bai wuce mujalla da ragin kuɗin shiga taro ba. Amfanin reshe yana wani wuri dabam. Sana'ar nan tamu kullum ɓangare biyu ce, mai saye da mai sayarwa, kuma a ranakun aiki duk maganar da za ta shiga tsakaninsu a rubuce take, kowa na auna kalmarsa don ya san wata rana lauya na iya karanta ta. Taron reshe ne kusan wuri ɗaya tilo da jami'in kwangila na gwamnati da ma'aikaciyar kamfani irinki za su zauna a teburi guda babu wani ciniki a tsakaninsu, ki tambaye shi me ke sa irinsu mayar da takardar neman biya, ya gaya miki tsakani da Allah. In ba wannan kika je nema ba, kaza da salak kawai za ki ci ki koma ofis.

An kafa NCMA a 1959, hedkwatarta tana Reston, nan kusa da ke. Uwar ƙungiya ita ke buga mujallar Contract Management, ita ke shirya jarrabawar satifiket, ita ke kiran babban taron da suke ce wa World Congress a tsakiyar shekara. Rassa kuwa 'yan sa kai ne ke tafiyar da su, mutane masu aikinsu na yini kamar ke. Shi ya sa kowane reshe yake ɗaukar kamannin garinsa. Na Huntsville a Alabama hirarsu sojan ƙasa da makamai masu linzami da NASA, na Dayton sojan sama saboda sansanin Wright-Patterson, na San Diyego sojan ruwa. Naku na kewayen Washinton, irin na Tysons, cike suke da kamfanonin kwamfuta da na ba da shawara, da lauyoyi da akantocin da ke cin abinci a jikinsu. Gwamnatin tarayya tana kashe sama da dala biliyan 700 a shekara a kan kwangila, kuma da yawa daga masu sa hannu a takardun nan a yankinku suke zaune.

Taron wata-wata shi ne abin da ke riƙe da reshe. Yawanci da rana ake yi ko da sassafe, a ɗakin taro na otal ko na wani kamfani da ya ba da aron wuri, kuma tun bayan annobar korona rassa da dama sun koma wasu na ɗaki wasu na kallo ta intanet. Za ki tarar da tebur a bakin ƙofa, mutum biyu na duba suna, su miƙo miki ɗan katin da za ki maƙala a ƙirji, sunanki da wurin aikinki. A ɗan gaisa, a ci abinci, shugaban reshe ya yi sanarwa, sai mai jawabi ya tashi na kusan awa ɗaya. Wannan watan lauya ne zai bi hukunce-hukuncen da GAO, ofishin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, ya yanke kan ƙorafin waɗanda suka faɗi tanda, wato gasar neman kwangila, wancan watan mai binciken kuɗi ne zai yi bayanin abin da DCAA, hukumar tsaro mai binciken kuɗin kwangila, ke dubawa a littattafan kamfani, wani lokaci kuma babban jami'in saye na wata hukuma ya zo ya faɗi abin da suke shirin saya baɗi. In an tashi a ba ki shaidar awa ɗaya ta ƙarin ilimi. Kada ki raina wannan 'yar takardar. Ma'aikatan saye na ma'aikatar tsaro dole ne su tara awa 80 na ƙarin ilimi duk shekara biyu, masu satifiket ɗin ƙungiyar ma sai da irin waɗannan awanni suke sabunta shi, kuma ita ce ke fito da mutanen gwamnati daga ofisoshinsu. Ba don ita ba, da 'yan kamfani ne kaɗai za su cika ɗakin suna kallon juna.

Jawabin kansa sau da yawa kina iya samun irinsa a intanet. Lokacin tambayoyi da hirar bakin ƙofa ne ba a samu. Bari in nuna miki abin da nake nufi da wani abu da zai same ki kafin shekara ta zagayo.

A dokar Amurka mutum ɗaya ne yake da ikon ɗaure gwamnati da alkawarin kuɗi, shi ne jami'in kwangila mai riƙe da takardar naɗi, wadda aka rubuta iyakar ikonsa a jikinta. Sai dai ba shi injiniyoyinku ke gani kullum ba. Wakilinsa suke gani, mai lura da yadda aikin ke tafiya, wanda ake kira COR. Wata rana a taron mako wakilin nan zai ce tunda kuna ciki ku ƙara masa shafin rahoto guda ɗaya mana. Manajan aikinku, mai son faranta wa kwastoma, ya ce an gama. Mutum uku su shafe wata guda a kai. Takardar neman biya ta isa teburin jami'in kwangila, ya duba bai ga aikin a cikin kwangila ba, bai ga gyaran da ya sa wa hannu ba, ya dawo muku da ita. Akwai hanyar gyara, ko dai gwamnati ta amince da alkawarin daga baya, ko ku shigar da buƙatar a daidaita farashi, amma duk biyun suna cin wata da watanni kuma babu tabbas. Wannan ƙa'idar tana cikin littafi. Abin da ba ya cikin littafi, wanda za ki ji daga bakin jami'an kwangila a irin wannan zama, shi ne yadda abin yake a nasu ɓangaren: amincewa daga baya na nufin a rubuta bayanin yadda wakilin ya wuce gona da iri, a kai wa na sama, lauyan hukuma ya duba, kowa ya sha tambaya. Kamfanin da ya jefa su cikin wannan ba sa mantawa da shi. Abin da suke so bai wuce imel na layi uku ba a ranar da aka yi maganar: an ce mu yi kaza, muna ganin ba ya cikin aikin da aka rubuta, ba za mu fara ba sai mun ji daga gare ka. Sabon ma'aikacin kamfani yana tsoron tura irin wannan imel don gani yake ƙarar wakilin ya kai. Jami'in kuwa a wurinsa taimako aka yi masa, har wakilin ma an rufa masa asiri.

Haka sharaɗin iyakar kuɗi a kwangilar da ake mayar muku da abin da kuka kashe. Wajibi ne ki sanar a rubuce idan kin hango cewa cikin kwana 60 masu zuwa jimillar abin da kuka kashe za ta haura kashi 75 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙiyasta. Kuka yi shiru kuka zarce iyaka, ba dole ba ne gwamnati ta biya rarar. Kowa ya san wannan a baki. Amma wa ke duba lambobin a kamfani, ke ko sashen kuɗi, kuma duk yaushe? Yaya ake yi idan majalisa ta kasa zartar da kasafi kafin 1 ga Oktoba, ranar da sabuwar shekarar kuɗi ta gwamnati ke farawa, kuɗi ya koma zuwa gutsure-gutsure? Lokacin da aka rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 35 daga ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019, jami'an kwangila da yawa suna gida, babu mai amsa imel, ga ma'aikata na tambaya su zo aiki ko su zauna. Mai lambar wayar takwarorinsa a wasu kamfanoni ya fi samun barci a wannan watan.

Ilimin da kika zo da shi daga gida bai faɗi ƙasa banza ba, amma nauyinsa a gefe ɗaya yake. A ƙarƙashin dokar saye ta Najeriya ta 2007 ƙarfinmu yana kan matakin bayarwa: talla, buɗe tanda a bainar jama'a, kwamitin tantancewa, takardar amincewar BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, in kuɗin ya kai. Da an sa hannu an biya kafin alƙalami, sai fayil ya yi barci har ranar da ɗan kwangila zai zo neman ƙari. A nan kafin alƙalami abu ne da ba a cika gani ba. Kamfaninku ke biyan albashi daga aljihunsa, ya tura takardar neman biya, gwamnati tana da kwana 30 daga ranar da ta karɓi takarda marar kuskure, bayan haka kuɗin ruwa ya fara hawa kanta bisa dokar 1982. In an dawo da takardar saboda lamba ɗaya ta kauce, ƙirga ya koma farko. Don haka mafi yawan aikinki bayan sa hannu yake, har zuwa rufe fayil. Ma'aunin sana'a da NCMA ta fitar, wanda hukumar ma'aunai ta ANSI ta amince da shi a 2019, ya kasa rayuwar kwangila gida uku, kafin bayarwa, bayarwa, da bayan bayarwa. Ma'aikatar tsaro a 2022 da sauran hukumomi a 2023 sun gina sabon tsarin horar da jami'ansu a kansa. Ke nan abin da za ki koya a ƙungiyar shi ne dai abin da ake koya wa wanda za ki zauna gabansa.

Kuma kin shigo a lokacin da ƙasa ke motsi. Kundin dokokin saye na tarayya, FAR, ya fara aiki a 1 ga Afrilun 1984, kashi 53 gare shi, ma'aikatar tsaro kuma tana da nata ƙari a kai mai suna DFARS. A Afrilun 2025 shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake rubuta shi, a zubar da yawancin abin da ba doka ce ta tilasta ba, hukumomi suka riƙa ɗaukar sabon rubutun kashi-kashi, kowace da ranarta. A irin wannan yanayi wanda ya shekara ashirin a aiki ma ɗalibi ne, kuma a taron reshe ake jin yadda kowace hukuma ke aiki da canjin a zahiri.

Sai batun satifiket, wanda na san shi shugabarku take hange. Guda huɗu ne. CCMA na sababbin shiga ne, CFCM a kan FAR aka gina shi, CCCM na kwangilar kasuwanci tsakanin kamfanoni ne, CPCM kuma shi ne babba, yana son digiri da shekara biyar a aiki. A yankinku CFCM ne zai fi yi miki rana. Jarrabawar ta uwar ƙungiya ce, amma rassa da dama suna haɗa ajin bita, mutum shida ko goma su riƙa haɗuwa duk mako da yamma, yanzu galibi ta kwamfuta, wanda ya dace da mai yara. Akan raba kundin, kowa ya ɗauki kashinsa ya zo ya koyar. In an zo rabo kada ki gudu zuwa masu sauƙi. Ki ɗauki kashi na 16 na nau'o'in kwangila ko na 31 na irin kashe-kashen da gwamnati ke yarda ta biya, don wanda ya tsaya ya yi wa mutane bayanin bambancin kwangila mai tsayayyen farashi da wadda ake mayar da kuɗi, suka yi masa tambayoyi ya amsa, ba ya sake mantawa. Digirinki na gida kuma ki tura a tantance shi tun yanzu wurin masu auna takardun ƙasashen waje, don za a nema nan da can.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne sosai. Mu mun taso a inda in ka ji daɗin mutum sai ka kyautata masa, ka dawo daga gida da tsarabar turare ko yadi ko kilishi, ko da yake kilishin ma kwastan ba za su bari ya shigo ba. A wannan fagen ki riƙe hannunki. Ma'aikacin tarayya ba ya karɓar kyautar da ta wuce dala 20 a lokaci ɗaya daga mai hulɗa da hukumarsa, ko dala 50 a shekara daga wuri guda, kuma naki da na kamfaninki a haɗe ake lissafa su. Tsabar kuɗi kuwa ko sisi. Da yawansu ko kofi ba sa yarda a saya musu, za ki ga mutum ya ciro katinsa ya biya abincinsa. Ba wulaƙanci ba ne, kada ki matsa. Abu na biyu, in kamfaninku na cikin wata tanda da ba a yanke ba, kika ga jami'in da ke riƙe da ita a taro, ku gaisa ku yi hirar sanyi da cunkoso, kada ki kusanci maganar ko da wasa. Dokar 1988 ta haramta fitar da bayanin tayin wasu ko na yadda ake zaɓe kafin a ba da kwangila, kuma mai karɓa ma ya shiga uku kamar mai bayarwa. A ajin ɗa'a na sana'ar har gobe ana kawo labarin Darleen Druyun, babbar jami'ar saye ta sojan sama, wadda ta riƙa tattauna neman aiki da Boeing alhali tana kula da cinikin jiragen shayar da mai da kamfanin. A 2004 aka yanke mata wata tara a gidan yari, shugaban sashen kuɗi na kamfanin shi ma ya shiga. Na uku, wanda mutane suka fi mantawa: na kusa da ke a teburi yana iya zama abokin hamayyar kamfaninku. Ku yi maganar ƙa'ida yadda kuke so, amma ban da farashinku, ban da kuɗin awa na ma'aikatanku, ban da wa zai shiga wace tanda. Wannan haramcin ya samo asali tun dokar hana haɗa baki a kasuwa ta 1890.

Wannan iyakar ce ta sa jami'an gwamnati suke iya zuwa su saki jiki. Reshen da ya bari taronsa ya zama wurin farautar kwangila, cikin 'yan watanni za ki ga sun daina zuwa.

In kin fara zuwa kika ga wurin ya yi miki, ki nemi ɗan aiki. Mamban da ke zuwa ya zauna a baya ya tafi yana iya shekara uku babu wanda ya san shi. Ki fara da teburin bakin ƙofa, aikin rabin awa ne, kuma kowa sai ya faɗa miki sunansa da wurin aikinsa. Bayan 'yan watanni ki koma kwamitin shirya jawabai, wanda a ganina ya fi kowace kujera riba: shi zai ba ki dalilin rubuta wa darakta ko babban lauyan da a banza ba za ki iya tunkara ba, ki gayyace shi, ki tarbe shi a ƙofa, ki gabatar da shi. Kuma ke za ki riƙa zaɓar batun, sai ki zaɓi abin da ke damun ki a ofis. Kujerar ma'aji ki bar ta tukuna, lissafi ne da rahoto ga uwar ƙungiya, ba na mai sabon aiki da ƙananan yara ba ne. Shekarar reshe daga Yuli take farawa zuwa Yuni, ana zaɓe kafin nan, kuma sau da yawa roƙon mutane ake yi su tsaya, ba turereniya ba.

Akwai abubuwan da za ki iya tsallakewa babu asara. Gasar golf da wasu rassa ke yi don tara kuɗin tallafin karatu ga ɗalibai, walimar Disamba, haɗuwar bayan aiki a mashaya, duk ba dole ba ne, kuma babu mai tambayar ki dalili. A taron rana ki zaɓi kifi ko ganye tun wajen rajista. Taron haɗa manyan kamfanoni da ƙanana kuwa ki gaya wa masu neman kasuwa na kamfaninku, don gwamnati tana da burin ba ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin ɗari na kuɗin kwangilolinta, manya kuma suna neman waɗanda za su ba wani yanki na aikin.

Ba kowane reshe ne ke da rai ba, wannan gaskiya ce. Wani ya dogara ne kan mutum uku, suna gajiya ya kwanta. Ki duba jadawalinsu na watannin baya. In masu jawabin duk masu tallar manhaja ne, ko kika je ba ki ga ko mutum ɗaya na gwamnati ba, ki gwada na maƙwabta, yankinku ba reshe ɗaya gare shi ba. Maganar samun aiki ta hanyar ƙungiya ma gaskiya ce, ana sanar da gurabe a taro, amma kujerar jami'in kwangila ta gwamnatin tarayya sai mai takardar zama ɗan ƙasa. In kuma da niyyar komawa gida wata rana, ki sani CFCM ba zai yi nauyi a Abuja ba, don dokar Amurka zalla ce. Can an fi sanin CIPS, cibiyar ƙwararrun masu saye ta Ingila, da takwararta ta Najeriya CIPSMN da doka ta kafa a 2007, ga ƙa'idojin saye na Bankin Duniya da sharuɗɗan FIDIC a aikin gine-gine. CPCM ya fi iya ƙetare iyaka tunda ba a kan dokar ƙasa ɗaya ya tsaya ba.

Kada ki auna reshenku da taron Satumba. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana ƙarewa ne a 30 ga watan, jami'an kwangila ba sa ɗaga kai daga tebur, ku ma a kamfani gyare-gyaren kwangila za su riƙa sauko muku har dare. Ki bari sai Oktoba ko Nuwamba. Ki je a jiki, ba ta kwamfuta ba, kada kuma ki zauna kusa da 'yan ofishinku. Ki tafi da tambaya ɗaya daga fayil ɗin da ke gabanki, ki cire sunan hukuma da adadin kuɗi, ki yi wa na kusa da ke ita kafin a fara jawabi.